Tikitin Shiga Soron Gidanmu

Tun kafin in yi wayo mahaifinmu ne ladanin masallacin unguwarmu a Balan. Ba mai yawan magana ba ne. In ka gaishe shi ya amsa, in ka tambaye shi abu ya ba ka amsa guntuwa, in ka cika shi da surutu ya ɗauki butarsa ya bar maka wurin. Mu 'ya'yansa ma haka muka tashi muka gan shi. Abin da muka sani game da ƙuruciyarsa bai taka kara ya karya ba: ya yi shekaru yana zuwa ci-rani Kano, yana gadi a kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, da kakanmu ya rasu ya dawo gida ya riƙe gona. Wane kanti ne, me ake sayarwa a ciki, ba wanda ya taɓa tambaya, domin Baba ba ya ba da fuskar tambaya.

Rikicin tsufa ya zo masa a hankali. Da farko carbi yake nema alhali yana hannunsa. Daga nan ya fara kiran sallar azahar sau biyu, mutane su fito da alwalarsu su tarar an riga an idar. Liman ya same shi cikin girmamawa ya ce ya huta haka nan, yara su karɓe shi. Bai yi musu ba. Ya miƙa mukullin masallaci, ya dawo soro ya zauna, mu kuma muka ɗauka iyakar abin ke nan.

Ni malamin firamare ne a Gaya, can nake zaune da iyalina, amma duk Asabar nakan leƙo gida. Wata Asabar da hantsi na jingine babur na nufi soro, sai na tarar da Baba tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango da hannu ɗaya ya tare hanya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba, sai ya miƙo mini tafin hannu.

"Tikiti," ya ce.

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Malam, ka ba da tikiti ko ka matsa gefe. Akwai mutane a bayanka."

Na waiwaya. Ba kowa a bayana sai akuyar Inna tana tuƙa. Na laluba aljihu don in ga gudun ruwansa, na ciro wata 'yar takarda da aka ƙunso mini magani a ciki, na ba shi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne hannunsa. Hannun da ke rawa in zai kai kofi baki, shi ne ya ninke takardar nan, ya tsaga ta da babban yatsa tsaf kamar an sa reza, ya miƙo mini rabi ko dubana bai yi ba.

"Hagu, benci. Kar in gan ka a kujerun baya."

Na wuce ciki na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na ce mata yau kuma da wani sabon salo Baba ya tashi. Ta ce ai ya kwana biyu yana yi, ita ma da ta dawo daga gidan suna sai da ta tsinki ganye ta ba shi kafin ya bar ta ta shigo. Ta ci gaba da ɓararta. Can ta ce, "Aiki ya koma."

"Wane aiki, Inna?"

"Na silima. Shi ne mai karɓar tikiti a ƙofa. Kwaran dai da gaske ne, kantin ne babu."

Na nemi kujera na zauna. Ta ce ta sani tun kafin a ɗaura musu aure, shi ya gaya mata da bakinsa, ita kuma ta haɗiye. A wancan zamanin in aka ce wane ɗan silima ne, to an gama da shi, an haɗa shi da 'yan caca da mashaya an ɗaure. "Da wannan kalma ta je kunnen mahaifina a Toranke," in ji ta, "da ba a haife ku ba."

Ba tausayi na ji ba a ranar, haushi na ji. Mutumin nan ne ya taɓa zane ni da tsumagiya har na yi kwanaki ba na zama daidai, saboda wani ya kawo masa tsegumin ya gan ni ina leƙe a ƙofar gidan bidiyo a Gaya. Leƙe fa, ko shiga ban yi ba. Ashe wanda ya dake ni shi ne ya yi shekaru yana shigar da 'ya'yan mutane. Na faɗa wa Inna haka. Ta ce, "To je ka rama mana, ga shi can a soro."

Ba yadda muka iya, sai muka bi shi a haka. Nakan kwaso tsofaffin takardun jarrabawa daga makaranta, Inna ta yayyanka su da wuƙa ta zuba a ƙwarya a kan dakali, duk mai shiga ya ɗauki ɗaya. Maƙwabta ma suka saba. In takarda ta ƙare a tsinki ganye. Na mangwaro yana karɓa, na darbejiya kuwa ya yar ya ce jabu ne. Matan da ke shiga wajen Inna su suka fi shan wuya, don sai ya ƙare wa mace kallo, ya girgiza kai ya ce, "Ke kuwa da mutuncinki me ya kawo ki nan?" Sannan ya tsaga ya ba ta hanya.

Abin da ban zata ba shi ne bakinsa ya buɗe. In ba mai shiga, sai ya zauna a dakali ya yi ta zuba, ni kuma ina gefensa. Bai san ni ɗansa ne ba. Wata rana ni abokin aiki ne, wata rana ɗan kallo ne da ya zo da wuri. A haka na ji labarin gidan silimar. Ya ce ba shi da rufi, sai katanga doguwa wadda ko ɓarawo ba ya marmarin haurawa, kuma a wajen ganuwa yake, don mutanen cikin birni ba sa son irinsa kusa da su. Daga can gaba akwai wani bango fari ƙal, ya fi masallacin Juma'armu tsawo, a jikinsa ake haska fim. Masu ƙaramin tikiti suna gaba a kan benci, wuya a ɗage, masu hali kuma suna baya a kujeru ƙarƙashin 'yar rumfa. In ruwa ya sauko na benci su jiƙe sharkaf, amma ba mai tashi. A bakin ƙofa ga masu tsire, ga masu rake, ga kekuna jingine kamar nan ce kasuwarsu. 'Yan dako da teloli da direbobi, da 'yan makarantar kwana da suka tsallako katanga, da ɗan babban gida da ya rufe fuska don kada a gane shi, duk ta hannunsa suke bi.

Ya ce ranar fim ɗin Indiya ƙarti majiya ƙarfi ke fitowa da jajayen idanu, kowa yana cewa hayaƙin taba ne. Ranar na 'yan Cana kuwa sai an raba dambe a waje, don kowa ya fito yana jin shi ma ya iya. Ba mai jin yaren, amma kowa ya san wane ne mugu. In fim ya tsinke a tsakiya, mai inji ya sha zagi har kakanninsa.

"A jikin bangon nan na fara ganin teku," ya ce da ni wata rana. "Ni da ban san komai ba sai gero da gyaɗa. Na ga jirgin ƙasa ya shiga cikin dutse ya fita ta baya. Na dawo gida ba wanda zan iya ba labari."

Na tambaye shi wane fim ya fi so. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce shi bai taɓa ganin farkon fim ba, don lokacin yana fama da jama'a a ƙofa, bai kuma taɓa ganin ƙarshe ba, don kafin a gama yake zuwa ya buɗe ƙofofin fita. Tsakiya kawai ya sani. Ko yarinyar ta auri wanda take so, ko an kama mugun, sai dai ya karanta a fuskar masu fitowa.

Na haura shekara hamsin, sai a kan dakalin nan na san mahaifina yana da ban dariya, yana da abin da yake so, ya taɓa zama saurayi. Na ji daɗin hirar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji ciwon cewa duk wannan sakin fuska ba ɗansa yake yi wa ba, wani baƙo yake yi wa.

Yayana, wanda shi ne babba kuma shi ke zaune a gidan da iyalinsa, bai ga abin sha'awa a ciki ba. Yana noma, yana kuma saye da sayar da hatsi a kasuwar Ajingi, labari kuwa ya riga shi zuwa can. Ya ce ba ya gama sauke buhu sai wani ya ce, "Alhaji, yau wane fim za a sa a gidanku?" Wasu da wasa suke yi, wasu da biyu. Akwai ma wanda ya ce ashe shekara da shekaru ɗan silima ne ke kira wa mutane salla. Wannan ita ta fi ƙona masa rai, ni ma da ya maimaita mini ta ƙona nawa. Ya ce mafita ɗaya ce, a mayar da Baba ɗakinsa na cikin gida a riƙa sa kwaɗo, a rufa masa asiri a rufa mana. Na ce ba za a kulle mahaifinmu kamar ɗan akuya ba ina raye. Ya ce wannan magana tana da sauƙin faɗa ga wanda ke zuwa ranar Asabar ya sha fura ya koma Gaya. Muka yi ta sa-in-sa har Inna ta ce mu fitar mata daga tsakar gida. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji zafinta.

Muka ɗauki shatar mota muka kai shi asibiti Kano. Likita ya duba shi, ya yi masa tambayoyi, Baba ya tambaye shi tikiti. Bayanin da aka yi mana mai tsawo ne, amma ma'anarsa gajeriya ce: ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa, kuma gaba zai yi ba baya ba. A hanyar dawowa na roƙi direba ya bi da mu ta unguwar da Baba ke kwatanta mini. Wani tunani nake da shi na wauta, wai in ya ga wurin a rufe zai yarda an tashi daga aiki. Sai da muka yi ta tambaya kafin wani dattijo ya nuna mana. Ya ce gidajen silima na da ai duk sun mutu, tun da bidiyo ya shiga ɗakunan mutane, aka kuma zo aka matsa musu da dokoki, wani ya zama wurin biki, wani sito. Wanda muke nema ya zama jerin shaguna, masu waya da masu tayil. Ta wani lungu na hango doguwar katangar daga baya, ita kaɗai ta rage.

"Baba, ka gane nan?"

Ya duba ta tagar mota, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ku yi sauri mana, za ku sa in makara."

Da damina ta kama, abin ya wuce soro. Ya fara tsayawa a ƙofar masallaci da la'asar. Liman, Allah ya saka masa, yakan zo da 'yar takardarsa a aljihu ya miƙa, sauran jama'a su bi bayansa, amma in baƙo ne sai an yi bayani, bayanin kuma kullum sai ya kai ga kalmar nan ta silima. Ran nan kuma aka neme shi aka rasa. Wani mai sayen gyaɗa da ke kan hanyar kasuwar Ajingi ne ya gane shi a bakin hanya, ba takalmi, ya ɗauko shi a babur ya dawo da shi. Baba ya ce masa aiki zai tafi. Duk sanda irin haka ta faru sai Yaya ya dube ni kawai. Ni kuma in ce a ƙara haƙuri, alhali ban san abin da haƙurin zai kawo ba.

Sai maƙwabcinmu ya rasu, tsoho sa'an Baba, wanda suka fara zuwa ci-rani tare suna samari. Ranar Asabar ce, ina gari. Aka yi masa wanka da sutura a cikin gida, mu maza muna tsaye a waje da hantsi muna jiran a fito da shi a sallace shi. An yi ruwa, ƙofar gidan duk taɓo. Ban san lokacin da Baba ya bar gefena ba. Sai dai na ga masu ɗauke da makara sun tsaya cak a cikin soro, ga Baba a bakin ƙofa, hannu ɗaya a bango, ɗayan a miƙe.

"Naku na gani," ya ce. "Na kwancen fa, ina nasa? Ku sauke shi ya nuna tikitinsa. Wannan dabarar mun san ta, ba yau aka fara ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga baya, wasu suka kama, har da manya da suka kasa riƙewa, a gaban gawa. Babban ɗan mamacin da safen nan ya iso daga Kano. Ko bai san halin da Baba ke ciki ba ne, ko ya sani baƙin ciki ya rufe masa ido, ya sa hannu ya ture shi. Baba ya faɗi zaune a cikin taɓo, hularsa ta yi gefe. Aka wuce da makara ta kusa da ƙafarsa. Liman ya ta da kabbara. Ni da Yaya ba mu sami sallar ba, muna ɗaga mahaifinmu, shi kuma yana ta faɗa wai mu kira ɗan sanda an wuce ba tikiti. Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba sai ranar, yana goge wa Baba taɓo a gemu da hannun rigarsa.

Bayan la'asar liman da mai unguwa suka zo soronmu, tare da ɗan mamacin. Shi ɗan ya durƙusa ya ba da haƙuri har yana kuka, muka ce ba komai, mu ne da ban haƙuri. Ba wanda ya ɗaga murya. Mai unguwa ya yi wa Baba addu'a, ya tuna shekarun da ya yi yana tashin unguwa salla, sannan ya ce amma dai a san yadda za a yi. Kowa ya gane.

Da suka tafi na ce zan ɗauke shi in tafi da shi Gaya. Inna ta ce a Balan in ya fita kowa ya san shi, a dawo da shi, a Gaya fa, ga titi ga motoci? Na ce a sami mai zama da shi. Yaya ya ce in nuna masa wanda zai bar gonarsa da damina ya zauna gadin tsoho. Inna gwiwoyinta ba sa kai ta soro da sauri, matar Yaya kuma Baba ba ya jin maganarta, 'yar kallo ya ɗauke ta. Na juya maganar ta ko'ina ban ga ƙofa ba. Na yi shiru, shirun nan kuwa shi ne amincewata. Aka tsayar a kan daga ya sha koko da safe sai a rufe shi a ɗakinsa, a buɗe in an dawo daga gona da azahar. Yaya da kansa ya kafa ƙarfen kwaɗo a jikin ƙyaure. Da ya gama ya ce sauran ranaku nasa ne, Asabar kuwa tawa ce, tunda ni ma ɗansa ne.

Asabar ta zo. Na iso da wuri na zauna da shi har ya shanye kokonsa. Na shimfiɗa masa tabarma kusa da taga, na ajiye buta da ruwan sha. Bai kula ni ba, yana ta gyara hularsa. Yaya ya riga ya yi gaba da fartanya, ya ce in same shi a gona. Inna ta shige ɗakinta tun da ta ga na ɗauki kwaɗon. Na fito na jawo ƙyauren a hankali, ina fatan ba zai ji ba.

"Wa ke nan a ƙofa?"

"Ni ne, Baba."

Na ji ya taso, ya matso har numfashinsa yana fitowa ta tsagin ƙyaure. Muryarsa ba faɗa a ciki, irin ta mai koya wa na ƙasa da shi aiki ce.

"Sabo ne kai a nan?"

"E, sabo ne."

"Na ga alama. To bari in gaya maka abu ɗaya, ka riƙe. Ba a sa kwaɗo da mutum a ciki. Ko mutum ɗaya ne ya rage, ko barci yake a kan benci, sai ka jira ya fita. In wuta ta tashi fa?"

Na ce, "To, Baba."

Na tsaya da kwaɗon a hannu ina jiran ko wata dabara za ta zo mini, wadda ba ta zo ba duk watannin nan. Ba ta zo ba. Na zura shi na danna. Ƙararsa ba ta da yawa, amma ya ji.

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji, Baba."

Sai ya ƙwanƙwasa ƙyauren a hankali da bayan yatsa.

"To ai akwai mutum a ciki."